Shafin da Ustad Meraj Din Ya Wanke

Duk wanda ya yi wayo a unguwar Gawalmandi ta birnin Lahor ya san Ustad Meraj Din, in bai san sunansa ba to ya san yatsunsa. Uku ne baƙaƙe ƙirin a hannun dama, tawadar shekara arba'in ta ci su har ƙarƙashin farce. An gwada sabulu, an gwada lemon tsami da toka, ko gezau. Marigayiya matarsa takan ce ko masu yi masa wankan gawa sai dai su yi iya yinsu su haƙura.

Sana'arsa rubuta jarida da hannu. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga kwamfuta, in ka faɗa musu sai su yi maka kallon tsohon da ya fara ruɗewa. To, haka aka yi. A saman benen jaridar Nakkara-e-Rawi, wadda duk Lahor ke kira Nakkara, katibai ashirin da biyu ne ke jere a kan tabarma, baya a jingine da bango, gwiwa ɗaya a tsaye, kwali a kan gwiwar, kowa da alƙalaminsa na kara da 'yar kwalbar tawada. Labarin gobara, farashin alkama, sanarwar rasuwa, duk sai sun bi ta yatsunsu a kan takarda mai ruwan ɗorawa kafin a sauke wa masu inji. Ƙananan katibai su rubuta cikin labari. Babban kanun shafin farko kuwa, wanda ake karantawa daga tsallaken titi, na Meraj Din ne shi kaɗai.

Katibi yana da al'ada ɗaya da yake ji da ita. In ya rubuta abin da ya yarda da shi har zuciya, sai ya sa sunansa a gindin rubutun, ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Meraj Din yakan sa nasa a kanun ranar Salla, ko ranar da aka yi ruwa bayan fari, irin waɗannan. Sauran kwanaki ba suna. Yakan ce, "Wanda ba suna na mai gida ne. Katibi hannu ne, ba baki ba." Da wannan magana ya yi ta lallashin kansa har gemunsa ya yi fari, kuma ita ce ta kai shi ta baro.

Da shi aka fara Nakkara. Shekarar da aka raba ƙasarsu gida biyu, aka yi ta kashe-kashe, ya shigo Lahor daga Amritsar a ƙasa, yana da shekara goma sha bakwai, ƙanwarsa Sughra a wuyansa, uwa da uba sun kwanta dama a hanya. Shi ya zame mata uwa, shi ya zame mata uba. Da shekara ta zagayo, wani mutumin garinsu, Miyan Hidayatullah, ya samu tsohon injin buga takardu da masu shi suka gudu suka bari, ya kafa jarida mai shafi huɗu. Rabinta cigiya ce: wance tana neman ɗanta, wane yana sansanin kaza yana neman matarsa. Meraj Din ya rubuta dubban sunayen nan. Ya sha ganin ƙato ya tsaya bakin ƙofar ofis da jarida a hannu yana kuka wiwi don ya ga sunan uwarsa. Wannan Nakkarar ya so, kuma ita ya ci gaba da yi wa bauta bayan ta daɗe da mutuwa.

Don kuwa ta mutu, gangar jiki aka bari. Takardar bugawa a hannun gwamnati take, tallan gwamnati shi ne abincin jarida, Miyan Hidayat kuma mutum ne mai hancin jin inda ake suya. Soja suka karɓi mulki, Nakkara ta kwana da farar hula ta tashi da kaki. Shekara goma tana yi musu kirari. Aka dawo zaɓe, zancen talaka da gurasa ya cika gari, sai ga Miyan ya rataye kwat ya sa rigar leburori, ya ce a riƙa buga kanu da jar tawada. Waɗanda jiya ya kira iyayen ƙasa, yau su ne ɓarayi. Soja suka sake dawowa, wannan karon da carbi a hannu. Wallahi cikin mako uku Miyan ya tsayar da gemu, mutumin da ko masallacin Juma'a ba ya zuwa sai ya ji za a ɗauki hoto. Tir da hali irin wannan! Kuma kowace juyawa da hannun Meraj Din aka yi ta.

Har ya kai ya daina wahalar da kansa. Ya samu gwangwanin biskit ya zuba kalmomin da ya riga ya rubuta ya yanke da almakashi: Mai Ceton Al'umma, Jama'a Sun Yi Maraba, Maƙiyan Ƙasa. In mulki ya canza sai ya buɗe gwangwani ya liƙa, suna kawai zai rubuta sabo.

Mutum ɗaya ne a gidan ke yi masa tsiya a kan haka, Talib Husain, mai gyaran kurakurai. Siririn mutum, tabarau mai kauri, jan fensir a bayan kunne, baki ba linzami. In ya hau bene karɓar shafi sai ya ƙwanƙwasa murfin gwangwanin ya rusuna.

"Salamu alaikum, Babban Edita. Yau kuma wa muke so?"

"Kai, ɗauki shafinka ka ba ni wuri, ɗan nema."

"Ustad, ka kula da shi da kyau. Ranar da ya yi tsatsa jaridar nan ba ta da ra'ayi."

Meraj Din da kansa ya zaɓa wa Sughra shi. Ya ce mutumin da ke iya tayar da bala'i a kan ɗigo ɗaya da ya ɓace ba zai cuci mace ba. Katin gayyatar bikin ma shi ya rubuta, kwana biyu ya yi a kansa, ya ja sunan ango ya yi masa doguwar jela da ba a taɓa ganin irinta a unguwar ba. A gindi ya sa sunansa.

A zamanin soja masu carbi aka kafa doka, kowace jarida ta kai shafukanta gaban wani jami'i mai muƙamin Kanar ya soke abin da bai yi masa ba. Wasu jaridun da ke da sauran kunya suka riƙa barin gurbin da aka soke fari fat, mai karatu ya gani ya gane. Nakkara ba ta taɓa barin fari ko faɗin farce ba. In aka kai nata, jami'in shayinsa yake sha, don ba abin sokewa. Ma'aikatan jaridu suka fita yajin aiki, Talib yana gaba-gaba da jan fensirinsa a kunne. Aka kwashe su a mota ɗaya.

Kashegari da la'asar Miyan Hidayat ya hawo benen katibai, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a kan Meraj Din yana haki, ya miƙa masa 'yar takarda.

"Ustad ji, a ajiye komai. Ga kanun gobe, daga gefe zuwa gefe."

Meraj Din ya karanta. MACI AMANA A CIKIN GIDANMU. A ƙasa kuma: Nakkara ta barranta da Talib Husain, ɗan koren maƙiya.

"Miyan Sahab, mijin ƙanwata ne."

"Na sani mana. Wa ya kai ni cin shinkafar bikin?"

"A ba wani ya rubuta."

"Wa? In babban kanu ya fita ba da hannunka ba, gobe Kanar zai tambaye ni dalili, jibi kuma kai zai tambaya. Bayan nan naka zai ɗauki bulala goma? 'Ya'yanka huɗu fa? Katibi hannu ne, Ustad ji, ba baki ba. Ko ba kai ke faɗa kullum ba?"

Ya duba dama, ya duba hagu. Katibai ashirin da ɗaya, kowa ya dulmuya kai cikin takardarsa, ko tari babu. Ya zaro wuƙa ya fiƙe alƙalami. Abin da ya fi ci masa rai har tsufansa shi ne kanun ya yi kyau. Ya so hannun ya yi rawa, ya so tawada ta kife, ina! Hannun bai iya mummunan rubutu ba. Da ya zo kan sunan Talib, kafin ya ankara jelar nan ta katin biki ta ja kanta. Suna dai bai sa ba, da wannan ya samu ya haɗiye abincinsa.

Sughra ba ta yi nisa a makaranta ba, amma sunan mijinta ta san shi. Da hantsi ta shigo gidansa ba sallama, ta shimfiɗa masa takardu biyu a kan gadon igiya, jarida da katin biki.

"Paji, duba min nan. Wannan da wannan, hannu ɗaya ne ko ba ɗaya ba?"

"Sughra, ba sunana a ciki. Maganar Miyan ce."

"Ban tambaye ka maganar wa ba. Hannun wa?"

Ya kauda kai daga takardun, ita kuwa ta ci gaba.

"Don ka kawo ni nan ka ɗauko ni a wuya daga Amritsar? Ai da ka ajiye ni a hanya kusa da uwarmu."

Ta naɗe takardunta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara ce masa Paji ba, wato yaya, sunan da take kiransa da shi tun ba ta iya magana sosai ba. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce katibin Nakkara.

Aka yi wa Talib bulala goma da ɗaurin shekara ɗaya. Ya fito yana fitsarin jini. Ba jaridar da ta yarda ta ɗauke shi, don wa zai ɗauki mutumin da gidansu ma ya ce maci amana ne? Mai gidan haya ya watso musu kaya a titi. Yara a makaranta suka riƙa jifan 'ya'yansa. Sau ɗaya suka haɗu da Meraj Din, a bakin Ƙofar Bhati, Talib yana dogara sanda. Meraj Din ya shirya wa zagi, ya ma so a zage shi. Talib ya gyara tabarau ya yi ɗan murmushi.

"Ustad, na duba kanun nan a kurkuku, sau uku. Ba kuskure ko ɗaya."

Bayan shekara biyu ya rasu. Meraj Din ya ɗauki makara har maƙabarta, amma Sughra ta aiko aka gaya masa kada ya taka mata ƙofar gida. Ta koma unguwar Misri Shah da keken ɗinki ta rene 'ya'ya uku. Ya sha aika kaya ranar Salla, su dawo yadda suka tafi, ko igiyar ba a kwance ba.

Sai kwamfuta ta zo. Rana ɗaya aka tara katibai aka ba su shayi da biskit, aka yi musu addu'a, aka nuna musu matakala. Shekara arba'in, biskit biyu! Meraj Din ya kafa ɗan tebur kusa da mai shayin bakin titi yana rubuta allunan shaguna da rubutun kabari. Miyan Hidayat ya mutu da gemunsa a aske, don lokacin farar hula sun dawo. Ɗansa Miyan Shahryar, wanda ya yi karatu a waje, ya hau kujera, Nakkara ta zama uwar 'yanci, kullum tana tsine wa mulkin soja kamar ba ta taɓa gaisawa da su ba.

Shekara goma ba wanda ya tambayi ko Meraj Din yana raye. Sai wata safiya mota ta tsaya gaban teburinsa, direba ya ce Miyan Sahab yana gaisuwa, yana roƙon Ustad ji ya taka.

"Ustad ji!" Shahryar ya zagayo tebur ya rungume shi, turare kamar an kifar da kwalba. "Kai ne tarihin gidan nan mai tafiya da ƙafa. Zauna, zauna. A kawo wa Ustad ji lassi, nonon nan mai sanyi."

Meraj Din ya zauna a bakin kujera. Ya san in mai gida ya kira ka tarihi, akwai abin da yake so.

Ashe Nakkara ce za ta cika shekara hamsin. Za a yi gagarumin biki, a fitar da bugu na musamman da hotunan tsofaffin shafukan farko, guda hamsin. Matsala ɗaya ce, in ji Shahryar, kundin shekarar da aka yi wa 'yan jarida bulala ruwa ya ci shi a rumbu. Meraj Din ya ce a ransa, wannan ruwa da wayo yake, ya tsallake shekara arba'in da tara ya ci ɗaya.

"Muna so ka sake rubuta mana shafin ranar nan, yadda ya kamata a ce ya fito." Ya turo takarda. BULALA BA TA RUFE BAKIN GASKIYA. A ƙasa: Nakkara na tare da Talib Husain. "A bar gurbi biyu fari, kamar an soke mana. Kuma ka sa sunanka a gindi, shi ne shaida. Yaranmu sun gwada a kwamfuta, daga gani an san na jiya ne."

Jinin Meraj Din ya hau. "Wannan ai ƙarya ce, Miyan Sahab."

"Gyara ne, Ustad ji. Marigayi ai mai gyaran kuskure ne. Faɗa min, wacce ce ƙaryar? Cewa maci amana ne, ko cewa jarumi ne? Za mu sa hotonsa babba. Za mu kira ƙanwarka a gaban manyan baƙi a ba ta lambar yabo. Duk Lahor za ta karanta sunansa da daraja, kuma da hannunka."

Ɗan ya fi uban iya shege, wallahi. Uban da tsoro ya kama mutum, shi kuwa ya laluba ya gano inda ke yi wa tsohon ciwo ya danna. Shekara ashirin Meraj Din yana kwana yana tashi da buri ɗaya, ya janye kanun nan, Sughra ta sake buɗe masa ƙofa kafin ɗayansu ya mutu. Ga shi an miƙo masa a faranti. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Kwana uku ya yi a kan rufin gidansa, daga hantsi zuwa la'asar, inda haske ya fi. Ya tono sauran takarda mai ruwan ɗorawa daga ƙasan akwati, ya dama tawada irin ta da. Bismillah a can sama, sunan jarida, kwanan watan wancan lokaci, farashin alkama na ranar ma ya tuna. Da ya zo kan sunan Talib ya ja jelar nan a hankali, hawaye na bin gemunsa, yana kauda kai kada su ɗiga. Bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba. Ya sa sunansa a gindi, ya naɗe shafin a farin ƙyalle. Ya ce kafin Miyan ya gani, mai haƙƙi za ta fara gani.

Ya tarar da ita a tsakar gida kan keken ɗinki, kai ya yi furfura, tabarau a karan hanci. Ba ta tsayar da ƙafa ba.

"Katibin Nakkara. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Abu na kawo miki."

Ya warware shafin a kan tabarma cike da murna. Ta sauko ta durƙusa, ta bi kanun da yatsa harafi harafi, leɓenta na motsi. Ta daɗe.

"Yaushe aka buga wannan?"

Ya yi mata bayani, biki, hoto, lambar yabo, manyan baƙi. Yana cikin magana ya ga fuskarta na canzawa, muryarsa ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɗauke.

"Wato Nakkara na tare da shi," in ji ta. "To madalla. Wa ya kira shi maci amana ke nan, ni? Wa ya sa aka watso mana kaya a titi, aljanu? 'Ya'yana da aka fasa wa kai da dutse, mafarki suka yi? Gobe jikokina za su ɗauko wannan su ce, Kaka, ai ga shi jarida ta tsaya wa kakanmu, me kike ta faɗa mana? Kun kashe shi bai ishe ku ba, yanzu ni za ku mayar maƙaryaciya a cikin gidana!"

"Sughra, sunansa nake so in wanke."

"Sunansa da datti ne? Sunan Miyan ka zo wankewa, da naka. Lambar yabo! Su riƙe abarsu, Allah ya isa tsakanina da su."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da ƙunshi ta kwance, ga tsohuwar jaridar nan ta yi ja don tsufa, katin biki a cikinta.

"Ruwa ya ci tasu, tawa tana nan. Duk shekara sai na shanya ta a rana saboda ƙwari." Ta shimfiɗa ta kusa da sabon shafin, ta sa yatsa a gindin sabon kanun. "Wannan ɗan abin mene ne?"

"Sunana."

"Sunanka. Wannan da ba a taɓa yi ba, ka yarda naka ne. Wannan da aka yi, wanda ya ci min miji, shekara ashirin kana cewa na Miyan ne. Kwashe kayanka ka fita."

A ƙasa ya koma Gawalmandi, bai ma tuna da abin hawa ba. Haushin Shahryar yake ji, yana jin haushin uban da ke kabari, amma nasa haushin ya fi, tsoho da shi an sake ɗaukarsa haya a kan kofin lassi.

Da safe ya ɗauko kwanon wanki. Shafin da ke da Bismillah ba a yaga shi, ba a ƙona shi, ba a jefa shi a shara, kowane katibi ya san wannan. Ya kwantar da shi cikin ruwa ya sa yatsunsa uku yana shafawa a hankali. Kanun ya fara narkewa, sai jelar sunan Talib, sai nasa sunan. Ruwan ya yi baƙi. Ya kai shi gindin darbejiyar tsakar gida inda ƙafa ba ta takawa ya zuba. Takardar kuma ya rataye ta a igiyar shanya tsakanin riga da wando, maƙwabciya tana leƙe tana cewa Ustad ji ya fara taɓuwa.

Shahryar ya warware ƙyallen da murmushi, murmushin ya tsaya a hanya. Ya juya takardar gaba da baya.

"Mene ne wannan?"

"Shafinka. Fari fat, irin wanda jaridu masu kunya suka bari a lokacin. Mahaifinka bai taɓa iya buga shi ba, ko faɗin farce. Ga dama ta samu, buga."

"Ni za ka yi wa iskanci? Mun rufa maka asiri shekara arba'in!"

"Ni na rufa muku. Sau nawa kuka canza riga, wa ya ɗinka? Ka tambayi gwangwanin biskit, yana nan a gidana."

"Tsohon banza! An gaya maka kai kaɗai ne katibi a Lahor?"

"Akwai su. Rabinsu ni na koya wa fiƙe alƙalami. Nemo."

Kuma ya nemo, kada ka ɗauka wai kunya ta kama wani. Yunwa ba ta ƙare a Lahor ba, aka samu wani katibin ya kwaikwaya. Bugun shekara hamsin ya fito da shafin ƙarya a tsakiyarsa, gurbi biyu fari, manyan baƙi suka tafa, aka yi jawabi a kan jarumtar marigayi Miyan Hidayatullah. Kujerar da aka liƙa wa sunan Sughra ta yini ba kowa, mai gabatarwa ya ce ba ta jin daɗi ne, a sa ta a addu'a. Tsofaffin teburin mai shayi suka miƙa wa juna jaridar suna cewa wannan ba hannun Ustad ba ne, dubi jelar kamar ta ɓera. To, wa ke tambayar tsofaffin teburin mai shayi?

A ranar bikin, daidai lokacin da ake can ana tafi, Meraj Din ya sake ƙwanƙwasa ƙofa a Misri Shah. Ba ƙunshi a hannunsa, alƙalami ne a aljihu da 'yar kwalbar tawada.

"Yau kuma me ka kawo?"

"Ba komai. Ba ni waccan tsohuwar jaridar."

Ta tare ƙofa da jikinta. "Ka yi me da ita? Na ji an ce wankin takarda kake yi yanzu."

"Ta inji ce. Ba ta wankuwa."

Ta dubi aljihunsa, sannan ta matsa. Ta ɗauko jaridar ta ajiye a tabarma, amma ba ta saki gefenta ba. Ya zauna irin zaman bene, baya a bango, gwiwa ɗaya a tsaye. Ya tsoma alƙalami. A gindin kanun, inda ya bar wuri shekara ashirin, ya rubuta, kuma ba ƙanƙane ba, da manyan baƙaƙen da mai tabarau zai karanta ba wahala: Meraj Din ɗan Imam Din ne ya rubuta wannan da hannunsa, yana sane.

Hannun da ya ƙi rawa a wancan lokaci yau ya yi. Layin ya gangara, tawada ta taru a wuri biyu. Ɗan koyo ma in ya yi haka sai ya sha rankwashi.

Sughra ta bi shi da yatsa daga sama, ba ta taɓa ba don bai bushe ba. Ta karanta har ƙarshe, ta sake komawa farko.

"Ya karkace," ta ce.

"E."

Ta sunkuya ta hura tawadar har ta bushe, ta mayar da katin biki ciki, ta naɗe, ta kai akwati. Ya ji ta wuce madafa. Ya rufe kwalbarsa ya fara laluben takalmi, sai ga ta da faranti, gurasa biyu da miyar wake. Ta dire a gabansa da ƙarfi har miyar ta fantsama.

"Ban ce na yafe ba."

"Na sani."

Ta koma kan kekenta ta gyara zare, ta ba shi baya.

"To ci mana, Paji, kafin ta huce."